Amsoshin Tambayoyinku: Ina Yis Ya Koyo Tayar Da Kwaɓi?

Tambaya: Ni mai sana'ar fanke da funkaso ce a Katsina. Kullum in na zuba yis a kwaɓi na rufe, kafin wani lokaci sai ya kumbura ya cika roba. Ɗana da ke sakandare ya ce wai yis abu ne mai rai, ni kuwa na ɗauka hoda ce da ake haɗawa a kamfani. In har mai rai ne, me yake nema a cikin kwaɓin, kuma ina ya koyo wannan aiki?

Amsa: Malama, Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma ƙara wa yaro basira, don gaskiya ya faɗa miki. Yis halitta ce mai rai, dangin naman kaza da funfunar da ke fitowa a kan tsohon burodi. Bambancinsa da su shi ne duk jikinsa ƙwaya ɗaya ce tak, ƙanƙanuwa ainun, sai an jera kusan 200 kafin su kai tsawon milimita guda. Abin da kike saye a leda biliyoyin irin waɗannan ƙwayoyi ne da aka busar, ruwan ɗumi ne ke farfaɗo da su. Masana na kiran wannan nau'i Saccharomyces cerevisiae.

Abin da yake nema a kwaɓinki sukari ne. Yana ci, yana fitar da abu biyu: iskar kabon dayoksaid, wadda ke maƙalewa a cikin danƙon fulawa ta kumbura kwaɓin, da kuma sinadarin etanol, wanda shi ne tushen wannan ɗan warin da ke bugun hanci in an buɗe murfi. Amsar rabin tambayarki ke nan. Ɗaya rabin, wato inda ya samo halin, shi ne mai dogon labari, don ya girmi kamfani, ya girmi murhu, ya girmi noma. Binciken masana ya kai asalinsa ga shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce, a cikin 'ya'yan itatuwa.

Hanya biyu ta cin sukari

An daɗe ana amfani da yis kafin a san mene ne shi. Wani ɗan ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango ƙwayoyinsa a madubin ƙara girma a 1680, amma bai gane masu rai ba ne. A 1837 wasu masana uku a Faransa da Jamus, kowa da aikinsa daban, suka ce lallai masu rai ne, manyan masana sinadarai na lokacin suka yi musu dariya. Louis Pasteur ne ya kashe gardamar daga 1857, sannan a 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis ya matse ruwansa, ya ga ruwan kaɗai ma yana juya sukari. Daga nan aka gane cewa wasu sinadarai ne da ƙwayar ke ƙerawa a cikinta suke aikin. Ana kiransu inzayim, kuma kowane ɗaya akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi.

Kusan duk mai rai da ke cin sukari yana farawa da mataki iri ɗaya: a raba ƙwayar sukarin gulukos gida biyu, ta hanyar sauye-sauye goma a jere. Wannan rabawa ba ta buƙatar iskar oksijin, kuma tana ba da ma'auni biyu na kuzarin da masana ke kira ATP. Tsohuwar hanya ce ƙwarai, ana samunta a jikin bakteriya, da tsirrai, da ni da ke, kuma masana na ganin ta riga taruwar oksijin a sararin duniya, abin da ya faru kimanin shekaru biliyan 2.4 baya.

Bayan rabawar ne hanya ke rabuwa biyu. In akwai oksijin, ana iya ƙone gutsattsarin nan ƙurmus, a tatse duk abin da ke cikinsu, ba abin da zai rage sai ruwa da iska. Wannan shi ne numfashi, kuma yis na samun ma'auni kusan 18 daga kowace ƙwayar gulukos ta wannan hanya. In babu oksijin, sai a tsaya a kan biyun farko, a zubar da saura. Naman jikinmu kan zubar da shi a matsayin wani sinadari mai tsami in mun yi gudu mai tsanani, haka ma bakteriyar da ke tsamar da nono da ƙullin koko. Shi kuwa yis sai ya cire iska daga gutsuren, abin da ya rage ya mai da shi etanol. Wannan ita ce tsimawa.

Abin da ya ɗaure wa masana kai

In aka tsaya nan, sai a ce yis na tsimawa ne kawai don ya rasa iska a cikin kwaɓi. Amma ba haka abin yake ba. Ko an hura masa oksijin har ta yi yawa, muddin sukari ya wadata, yis ɗinki tsimawa zai yi. Zai karɓi biyu ya bar goma sha shida a cikin etanol ɗin da ya zubar. Ana kiran wannan hali da sunan Herbert Crabtree, wani masani ɗan Ingila da ya ga irinsa a ƙwayoyin ciwon daji a 1929, kuma a 1966 aka bayyana shi dalla-dalla a jikin yis. Akwai nau'o'in yis sama da 1,500, kuma mafi yawansu ba sa wannan almubazzaranci. Wani ɗan uwansa da ake samu a madara, Kluyveromyces lactis, in ya ga oksijin numfashi yake yi, ya ci abincinsa tas.

To me zai sa halitta ta yi ta asarar abinci tsawon miliyoyin shekaru, ba ta ƙare ba, sai ma ta rinjayi masu tattali?

Amsar na cikin 'ya'yan itace. Tsirrai masu fure sun bazu a duniya a zamanin da manyan dabbobin nan da ake kira dainoso ke raye, daga baya suka fara fitar da 'ya'ya masu tsoka da zaƙi. Kafin nan, sukari tsagwaro abu ne mai wuyar samu. Kwatsam sai ga shi jibge a wuri ɗaya, amma na ɗan lokaci, kuma da zarar fatar ɗan itace ta fashe, bakteriya da funfuna da yis iri-iri duk sun yi caa a kansa.

Ki ɗauka yara ne suka kewaye faranti ɗaya. Mai ƙaramar loma da ke taunawa a hankali ya fi cin moriyar kowace loma, amma kafin ya ɗaga kai, mai babbar loma ya share farantin. Tsimawa ita ce babbar loma. Ribarta a kan kowace ƙwayar sukari kaɗan ce, amma tana da sauri, kuma kayan aikinta ba su da tsadar ƙerawa kamar na numfashi. Mai tsimawa na kwashe sukari kafin abokan hamayya su farga.

Sai riba ta biyu, wadda ta fi ta farko mugunta. Etanol guba ne. Yawancin bakteriya da sauran yis sukan fara sarewa in ya kai kashi 4 ko 5 cikin 100, shi kuwa Saccharomyces yana jure kashi 14 zuwa 15, wasu irinsa ma har kusan 20. Tsimawar na kuma fitar da zafi, wanda shi ya fi abokan hamayyarsa jure shi. Wani bincike da Matthew Goddard ya wallafa a 2008 daga ƙasar Niw Zilan ya nuna cewa a ruwan inabi da aka matse, wannan yis kan fara ne a matsayin ƙasa da ɗaya cikin dubu na yis ɗin da ke ciki, amma cikin 'yan kwanaki ya mamaye wurin kaf.

Riba ta uku ita ce ta rufe lissafin. In sukari ya ƙare, fili ya zama nasa shi kaɗai, kuma akwai oksijin, sai ya juyo kan etanol ɗin da ya tara ya shiga ƙona shi ta hanyar numfashi. Ashe goma sha shidan nan ba duka suka salwanta ba, ajiya ce a wurin da ba kowa ke iya taɓawa ba. Jure Piškur na Jami'ar Lund a Suwidin da abokan aikinsa sun taƙaita dabarar a matakai uku: ƙerawa, tarawa, cinyewa. Masana sun yi saɓani kan wanne ne dalilin farko. Wasu na ganin saurin ci ne ya fara ba da rinjaye, gubar ta zo a matsayin gyara, wasu kuma sun fi ba gubar nauyi. Amma sun haɗu a kan cewa takara ce ta haifar da halin.

In na ce dabara, Malama, ba ina nufin yis ya zauna ya yi tunani ba. A yanayi mai kyau, ƙwaya ɗaya kan tsiro da 'ya a gefenta duk bayan minti 90 ko makamancin haka, kuma a kowace haihuwa sai an kwafi ƙwayoyin gado. Jefi-jefi kwafin kan zo da ɗan sauyi. Wanda sauyinsa ya sa ya fi saurin ci ko jure guba shi ke barin zuri'a mai yawa, a hankali halinsa ya zama halin dangi.

Abin da ƙwayoyin gado suka nuna

A 1996 masana sama da 600 daga ƙasashe daban-daban, bisa jagorancin André Goffeau na Beljiyam, suka gama karanta DNA ɗin wannan yis, wato rubutun gadonsa, baki ɗaya: haruffa kusan miliyan 12, ƙwayoyin gado kusan 6,000, a ƙunshe cikin ɗauri 16 da ake kira kuromosom. Shi ne na farko da aka karanta a rukunin halittun da ya haɗa da tsirrai da dabbobi da mutane. Da aka kwatanta shi da na danginsa, sai aka ga halin tsimawa ba rana ɗaya ya zo ba, hawa-hawa aka gina shi.

Ɗaya daga cikin hawan farko aro ne. Yawancin yis ba sa iya girma in babu oksijin sam, ko da sun iya tsimawa, saboda wani inzayim da suke buƙata wajen haɗa tubalan gado yana dogara da na'urar numfashi. Kakannin Saccharomyces sun sami wata ƙwayar gado mai suna URA1 daga wata bakteriya, dangin masu tsamar da nono, wadda ke yin aikin ba tare da oksijin ba. Irin wannan tsallakowar gado daga wata halitta zuwa wata ba kasafai ake ganinta a yis ba, amma wannan ta buɗe masa ƙofar zama a tsakiyar ruɓaɓɓen ɗan itace, ko a tsakiyar kwaɓi.

Hawa mafi girma shi ne wanda Ken Wolfe da Denis Shields suka gano a birnin Dublin a 1997. Sun lura cewa dogayen sassan DNA ɗin yis suna zuwa biyu-biyu, a jere iri ɗaya, a kan kuromosom daban-daban. Suka ce bayanin da ya dace shi ne, kimanin shekaru miliyan 100 baya, dukkan gadon wani kakan yis ya ninku, daga ɗauri 8 ya koma 16. An yi ta musu har 2004, lokacin da aka karanta gadon wasu danginsa da suka rabu da shi kafin ninkuwar, aka ga kowane sashe ɗaya nasu ya yi daidai da sashe biyu na yis ɗin burodi. A 2015 kuma masana biyu a Barcelona ta Sifaniya, Marina Marcet-Houben da Toni Gabaldón, suka kawo hujjar cewa ninkuwar ta samo asali ne daga barbarar nau'i biyu mabambanta.

Mafi yawan ƙwayoyin gadon da suka zama biyu, kusan tara cikin goma, ɗaya ta ɓace daga baya, don ba a buƙatar ta. Kimanin tagwaye 550 ne suka tsira. Abin lura shi ne waɗanda suka tsira ɗin. Kusan rabin matakai goman nan na raba gulukos sun riƙe tagwayensu. Haka ma ƙofofin shigar da sukari cikin ƙwaya, waɗanda suka ci gaba da yawaita har yis ɗin yau yana da ƙwayoyin gado kusan 20 na wannan aiki, wasu na lokacin yalwa, wasu na lokacin ƙamfa. Sakamakon shi ne sukari na kwarara ciki fiye da yadda na'urar numfashi za ta iya ɗauka, rarar kuma ta bi hanyar etanol. An kuma sauya tsarin kunna ƙwayoyin gado da kashe su, ta yadda da zarar yis ya ji gulukos ya yawaita, shi da kansa ke danne ƙwayoyin gadon numfashi. Sai dai ba ninkuwar ce ta fara halin ba. A 2013 masanan Lund suka gwada nau'o'in yis sama da 40, suka ga alamunsa a cikin dangin da ba su ninku ba. Ninkuwar ta tarar da shi ne ta ƙarfafa shi.

Hawa na gaba ya shafi inzayim ɗin da ke ƙarasa aikin. Yis ɗinki na da tagwaye biyu masu kama da juna: ADH1, mai ƙera etanol, da ADH2, mai warware shi don a ci, wanda ba ya tashi aiki sai sukari ya ƙare. A 2005 Steven Benner da abokan aikinsa a Amurka suka yi wani abin ban mamaki. Suka kwatanta waɗannan ƙwayoyin gado a nau'o'i da yawa, suka lissafo yadda kakansu ɗaya yake kafin rabuwa, suka ƙera shi a ɗakin gwaje-gwaje, suka gwada aikinsa. Sai ya fito gwanin ƙera etanol, ba gwanin cinsa ba. Lissafinsu ya sa rabuwar a kusan shekaru miliyan 80 baya, daidai zamanin yaɗuwar 'ya'yan itace masu tsoka. Wato ƙerawa ce ta riga, ƙwarewa wajen komowa a cinye ajiya ta biyo baya.

Wata hujja mai ƙarfi ita ce an maimaita abin. Akwai wani yis mai suna Schizosaccharomyces pombe, wanda aka fara bayyanawa a 1893 daga giyar gero ta Gabashin Afirka, da wani mai suna Brettanomyces bruxellensis, wanda ya rabu da yis ɗin burodi sama da shekaru miliyan 200 baya. Duka biyun suna tsimawa ko da akwai oksijin, kuma kowannensu da kansa ya iso ga halin, gadonsa bai ninku ba. Matsala iri ɗaya ta kai dangi uku ga mafita iri ɗaya.

Saura tambaya guda: yis ba shi da ƙafa, ta yaya yake zuwa daga wannan ɗan itace zuwa wancan? Ƙwari ne motarsa. Masana a Florence ta Italiya sun nuna a 2012 cewa yana wuce lokacin sanyi a cikin hanjin rina, uwar ta kuma ciyar da 'ya'yanta shi. A 2014 masana a Leuven ta Beljiyam suka cire wata ƙwayar gado mai suna ATF1, wadda ke sa yis fitar da ƙamshi irin na nunanniyar ayaba, sai ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace suka rage kula shi, yaɗuwarsa ta ragu. Wani ɓangare na ƙamshin kwaɓin da ya tashi kira ne ga ƙuda.

Inda ɗan Adam ya shigo

Mu a ƙarshen labari muka zo. Tsofaffin tukwane daga Jiahu a ƙasar Sin sun nuna an tsima shinkafa da zuma da 'ya'yan itace kimanin shekaru 9,000 baya, kuma mutanen tsohuwar Masar sun bar zane-zanen gidajen burodi da ma burodin kansa a kaburbura. A 2018 masana a Faransa suka wallafa binciken gadon iri 1,011 na wannan yis daga sassan duniya, suka ga jijiyarsa mafi tsufa tana yankin Sin, inda har yau ake samunsa a dazuzzuka. Daga can ya bazu, kowace al'umma ta riƙe wanda ya dace da aikinta ba tare da ta san tana zaɓe ba. Afirka ma na da nata zuri'o'in da aka tantance a binciken, har da na bammi, da na tsima 'ya'yan kokon cakulan a yammacin nahiyar.

Iyayenmu da ke barin ƙullin waina ya kwana, ko su zuba ragowar na jiya a cikin na yau, kiwon yis suke yi tare da bakteriya, shi yana tayarwa, ita tana tsamarwa. Zaɓen mutane ya bar tabo a gado. Yis ba ya iya cin sitaci kai tsaye, sai inzayim ɗin cikin fulawa sun farfasa shi ya zama wani sukari mai suna maltos, kuma irin yis ɗin da ya daɗe a hannun masu aiki da hatsi yakan zo da ƙarin kwafi na ƙwayoyin gadon cin maltos.

Na san batun etanol, sinadarin da ke sa maye a giya, zai tsaya miki a rai. Yana tafasa ne a maki 78 na ma'aunin Salshiyos, ƙasa da ruwa, don haka mafi yawansa na tashi a zafin tanda ko na mai, abin da ke saura ɗan kaɗan ne ƙwarai, irinsa ake samu a 'ya'yan itacen da suka nuna sosai. Wannan bayanin kimiyya ne, hukunci kuwa na malamai ne. Shi kansa yis yana mutuwa tun a wajen maki 55 zuwa 60, dalilin da ya sa ruwa mai zafi ke kashe kwaɓi ke nan.

Kamfani kuwa, da kika yi zaton shi ke haɗa yis, kiwonsa kawai yake yi, kuma babbar wahalarsa ita ce wannan tsohon hali. Mai kamfani yis yake so ya yawaita, ba etanol ba. In aka juye masa sukari gaba ɗaya, kilo 100 ba zai ba da fiye da kimanin kilo 10 na busasshen yis ba, saura ya tafi a etanol da iska. In ya yi numfashi kuwa, ana samun kusan kilo 50. Don haka tun farkon ƙarni na 20 masana'antu suka koma ɗiga masa ruwan maɗin rake ko na gwoza mai zaƙi kaɗan-kaɗan cikin manyan tankuna, ana hura iska ba tsayawa, ta yadda sukari ba zai taɓa taruwa har ya kai inda zai kunna masa halin tsimawa ba. Sai an hana shi ganin yalwa kafin ya yarda ya yi tattali. In an gama sai a tace, a busar, a ƙulle a leda ba iska, kuma har yau da wannan tsari ake kiwon yis ɗin da ake sayarwa a kasuwannin duniya.